Zanen Duke na Wellington na Goya

Zanen Duke na Wellington hoto ne na fentin mai wanda shahararren mai zanen ƙasar Sifaniya, Francisco Goya, ya yi wa janar ɗin sojan Birtaniya Arthur Wellesley, mutumin da daga baya ya zama Duke na Wellington na farko kuma Firaministan Birtaniya. Goya ya fara aikin a birnin Madrid a watan Agustan shekarar 1812, ya kuma yi masa gyare-gyare a shekarar 1814. An yi zanen ne a kan allon katakon mahogani, wanda dangin itacen maɗaci ne, tsawonsa santimita 64.3, faɗinsa kuma santimita 52.4. A yanzu yana ajiye a National Gallery, babban gidan adana zane-zane na ƙasa da ke birnin Landan.

Zanen ya yi suna saboda dalilai biyu. Na farko, Goya ya nuna Wellington da fuskar mutumin da yaƙi ya gajiyar, alhali a wancan zamanin an saba zana janar-janar cikin isa da taƙama. Na biyu, an sace shi daga National Gallery a shekarar 1961, kwana 19 kacal bayan an fara baje shi ga jama'a, bai dawo ba sai bayan kusan shekara huɗu. Shari'ar da ta biyo bayan satar ta sa majalisar dokokin Birtaniya ta yi wa dokar sata ta Ingila gyara.

Siffar zanen

Hoton ya nuna Wellington daga ƙirji zuwa kai. Jikinsa ya ɗan karkata gefe, fuskarsa kuma tana duban mai kallo. Bayansa duhu ne kawai, babu fagen fama, babu doki, babu tuta, don haka hasken duka ya sauka a kan fuskarsa da jar rigarsa ta soja. Fuskar doguwa ce, ta ɗan rame, ga dogon hancin nan da aka san shi da shi. Idanunsa a buɗe suke sosai, bakinsa ma ya ɗan buɗe kaɗan. Masu nazarin zane da dama suna ganin alamar gajiya da rashin natsuwa a wannan fuska, kuma suna danganta hakan da watannin da ya shafe a fagen daga kafin ya shiga Madrid.

Akwai bambanci a fili tsakanin yadda Goya ya zana fuskar da yadda ya zana tufafin. Fuskar ya bi ta a tsanake. Lambobin girman da ke ƙirji kuwa ya yi su ne da saurin hannu, ya ɗiɗɗiga fenti mai kauri da buroshi, ta yadda idan mutum ya matso kusa sai ya ga ɗigo-ɗigon launi kawai, sai ya ja da baya sannan siffarsu ta fito.

Lambobin sun fito ne daga ƙasashe uku da suka haɗa ƙarfi a yaƙin. A ƙirjinsa na hagu akwai taurari uku: na lambar Bath ta Birtaniya, da na lambar Hasumiya da Takobi ta Fotigal, da na lambar San Fernando ta Sifaniya. Faffaɗan ƙyallaye biyu sun ratso daga kafaɗarsa. A wuyansa yana rataye da lambar Gashin Rago na Zinariya, ɗaya daga cikin tsofaffin lambobin girma na Turai, wadda hukumomin Sifaniya suka ba shi a 1812. Ƙasa da ita kuma akwai kuros ɗin zinariya na sojan Birtaniya.

Mai zanen

An haifi Francisco José de Goya y Lucientes ranar 30 ga watan Maris na shekarar 1746 a ƙauyen Fuendetodos da ke yankin Aragon. Ya koyi zane a birnin Zaragoza a hannun José Luzán, sannan ya je birnin Rum na Italiya wajen shekarar 1770 don ƙaro ilimi. A 1773 ya auri Josefa Bayeu, ƙanwar wani mai zanen fada, Francisco Bayeu. Daga 1775 ya shiga aikin tsara zane-zanen da masaƙar sarki ta Madrid ke saƙa dardumomin bango da su. Sannu a hankali ya yi ta samun ɗaukaka: ya zama mai zanen sarki a 1786, mai zanen fada a 1789, sannan babban mai zanen fada a 1799.

Tsakanin 1792 da 1793 ya yi wata rashin lafiya mai tsanani wadda ta bar shi kurma har ƙarshen rayuwarsa. Bayan wannan ne ayyukansa suka ƙara karkata ga suka da nuna munanan halayen jama'a, kamar yadda ake gani a jerin zane-zanen ɗab'i da ya fitar a 1799 mai suna Los Caprichos. Ko a hotunan sarakuna ba ya yawan ƙawata fuska. Zanensa na iyalin Sarki Carlos na Huɗu, wanda ya yi tsakanin 1800 da 1801, misali ne da ake yawan kawowa.

Lokacin mamayar Faransa ya sa Goya cikin tsaka mai wuya. Ya ci gaba da zama a Madrid ƙarƙashin mulkin Joseph Bonaparte, ya zana wasu jami'an sabuwar gwamnatin, har an ba shi lambar girma ta wannan gwamnati a 1811. A daidai wannan lokaci kuma yana ta aikin wani jerin zane-zanen ɗab'i 82 a ɓoye, Los desastres de la guerra, wato Bala'o'in Yaƙi, waɗanda ke nuna kisan gilla da yunwa da cin zarafin farar hula. Ba a buga su ba sai 1863, shekara 35 bayan rasuwarsa. A 1814 ya zana manyan hotuna biyu kan boren mutanen Madrid na ranar 2 ga Mayun 1808 da harbe masu boren da aka yi washegari. A 1824 ya ƙaura zuwa birnin Bordeaux na Faransa, inda ya rasu ranar 16 ga Afrilun 1828 yana da shekara 82.

Wanda aka zana

An haifi Arthur Wellesley a 1769 a Ireland, cikin gidan masu sarautar gado 'yan asalin Ingila. Mahaifinsa shi ne Earl na Mornington na farko. Ya shiga soja yana matashi, ya yi suna a Indiya, inda ya yi aiki daga 1797 zuwa 1805, musamman bayan nasarar da ya samu a yaƙin Assaye na 1803. A lokacin yayansa Richard Wellesley ne babban gwamnan yankunan da Birtaniya ke mulka a Indiya.

A tsarin sarautun gado na Birtaniya akwai matakai biyar: Baron, Viscount, Earl, Marquess, sai Duke a sama. Wellesley ya haye su cikin shekara biyar saboda nasarorinsa a Sifaniya da Fotigal. An naɗa shi Viscount Wellington a 1809 bayan yaƙin Talavera, Earl a farkon 1812, Marquess a cikin wannan shekara, sannan Duke a watan Mayun 1814. Ke nan lokacin da Goya ya fara zanen bai kai ga sarautar da hoton ke ɗauke da sunanta yanzu ba.

Bayan ƙarshen yaƙin ya zama jakadan Birtaniya a Faransa, ya kuma wakilci ƙasarsa a taron Vienna na 1815. Ranar 18 ga Yunin 1815 ya jagoranci rundunar ƙawance da ta haɗa ƙarfi da sojojin Prussia suka ci Napoleon da yaƙi a Waterloo, a ƙasar Beljiyam ta yanzu. Ya zama Firaminista daga 1828 zuwa 1830 a ƙarƙashin jam'iyyar Tory, ya kuma sake riƙe muƙamin na 'yan makonni a ƙarshen 1834. A zamanin mulkinsa ne aka zartar da dokar 1829 wadda ta ba mabiya ɗariƙar Katolika damar zama a majalisar dokoki. Sai dai adawar da ya yi da gyaran tsarin zaɓe ta jawo masa baƙin jini a wurin talakawa, har masu zanga-zanga suka farfasa tagogin gidansa na Apsley House a 1831. Ya rasu ranar 14 ga Satumban 1852, aka binne shi a babbar majami'ar St Paul da ke Landan.

Yadda aka yi zanen

A 1808 Napoleon ya tilasta wa Sarki Carlos na Huɗu da ɗansa Fernando na Bakwai sauka daga gadon sarautar Sifaniya, ya ɗora yayansa Joseph Bonaparte. Mutanen ƙasar suka yi bore, Birtaniya kuma ta aika da sojoji don taimaka wa Fotigal da Sifaniya. Yaƙin ya ɗauki shekara shida. 'Yan Sifaniya suna kiransa Yaƙin 'Yancin Kai.

Ranar 22 ga Yulin 1812 Wellington ya fatattaki rundunar Faransa da Marshal Marmont ke jagoranta a kusa da birnin Salamanca. Joseph Bonaparte ya fice daga Madrid, Wellington kuma ya shiga birnin ranar 12 ga Agusta, jama'a suka tarbe shi da murna. Birnin bai daɗe da fita daga wata muguwar yunwa da ta kashe dubban mutane ba. Goya, wanda ke da shekara 66, ya yi rashin matarsa Josefa a watan Yunin wannan shekara. Wellington kuma yana da shekara 43.

Zaman Wellington a Madrid bai wuce mako uku ba, domin a farkon Satumba ya nufi arewa don yi wa garin Burgos ƙawanya. Cikin wannan ɗan lokaci ne ya zauna wa Goya. Harin Burgos bai yi nasara ba, dakarun Faransa suka sake kama Madrid kafin ƙarshen shekarar, ba a kore su daga akasarin Sifaniya ba sai bayan yaƙin Vitoria na ranar 21 ga Yunin 1813.

Lokacin da Wellington ya koma Madrid a watan Mayun 1814, lambobin girmansa sun ƙaru, sai Goya ya sake taɓa hoton. Ya gyara rigar, ya kuma sabunta lambobin don su dace da matsayinsa na lokacin. Kuros ɗin zinariyar da ke rataye a ƙirjinsa shaida ce a kan haka, domin ba a ƙirƙiro wannan lamba ba sai a 1813. Saboda haka fuskar da ke jikin allon ta 1812 ce, wasu daga cikin kayan adon kuma na 1814.

Akwai labarin da aka daɗe ana yaɗawa cewa mutanen biyu sun yi sa'insa a kan hoton har Goya ya kai hannu ga bindiga, ɗansa ya shiga tsakani. Labarin ya fito ne a rubuce-rubucen da aka yi shekaru da yawa bayan haka, kuma masana tarihin zane sun fi ɗaukarsa a matsayin ƙagaggen labari.

Sauran hotunan Wellington

Goya ya yi wani zanen fuskar Wellington da jan alli a takarda, wanda ke gidan tarihi na British Museum a Landan. Ya kuma yi wani babban hoto da ke nuna shi a kan doki, wanda aka baje a makarantar fasaha ta San Fernando da ke Madrid a watan Satumban 1812. Wannan yana Apsley House yanzu. Binciken da aka yi masa da na'urar ɗaukar hoton ƙashi ya nuna cewa Goya ya ɗora kan Wellington ne a kan hoton wani mahayi da ya riga ya fara zanawa, kuma wasu masana na ganin Joseph Bonaparte ne na farkon, wasu kuma suna cewa Manuel Godoy ne, tsohon babban ministan Sifaniya. Hoto na uku, wanda ya nuna shi sanye da hula da alkyabba, yana gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Washington a Amurka, amma an fi danganta shi da almajiran Goya.

Hoton Wellington da 'yan Birtaniya suka fi sabawa da shi shi ne wanda Thomas Lawrence ya zana bayan yaƙin Waterloo, inda yake tsaye ya harɗe hannuwa a ƙirji, fuskarsa a natse. Ana yawan kwatanta shi da na Goya don nuna yadda masu zane biyu suka kalli mutum ɗaya ta fuska daban.

Hannayen da zanen ya bi

Zanen ya fara zama a hannun Wellington da kansa. Daga baya ya koma wurin Louisa Caton, wata Ba'amurkiya da ta auri Duke na Leeds na bakwai, wadda 'yar uwarta Marianne ke auren Richard Wellesley. Ya ci gaba da zama a gidan Leeds ana gadonsa har zuwa 1961, lokacin da Duke na Leeds na sha ɗaya ya sa shi a gwanjo a kamfanin Sotheby's.

Wani attajirin man fetur ɗan Amurka, Charles Wrightsman, shi ne ya saye shi a kan fam 140,000. Labarin cewa hoton gwarzon Waterloo zai bar ƙasar ya tayar da ƙura a jaridu da majalisa. Wrightsman ya amince ya sayar wa National Gallery a kan farashin da ya saya. Gidauniyar Wolfson ta ba da fam 100,000, baitulmalin gwamnati ya cika sauran fam 40,000. An fara baje zanen ga jama'a ranar 2 ga Agustan 1961.

Satar 1961

Ranar 21 ga Agustan 1961 aka nemi zanen aka rasa. Ranar ta zo daidai da cika shekara 50 da sace hoton Mona Lisa daga gidan tarihi na Louvre da ke Paris. Wannan ne karon farko da aka saci zane daga National Gallery. An sa ido a tashoshin jiragen ruwa da filayen jiragen sama, aka kuma sa ladan fam 5,000 ga duk wanda ya taimaka aka gano shi. Da farko 'yan sanda sun zaci aikin ƙwararrun ɓarayi ne.

Ba da jimawa ba wasiƙu suka fara isa kamfanin dillancin labarai na Reuters da wasu jaridu. Marubucinsu ya ce zanen yana nan lafiya, ba sayar da shi zai yi ba, abin da yake nema shi ne a ba da fam 140,000 sadaka, a kuma yi masa afuwa. Hukumomi ba su amince ba.

A watan Mayun 1965 jaridar Daily Mirror ta sami tikitin ajiyar kaya ta gidan waya. Da aka bi sawu sai aka tarar da zanen a ofishin ajiye kaya na tashar jirgin ƙasa ta New Street da ke Birmingham, a naɗe cikin takarda, babu firam ɗinsa. A watan Yuli wani dattijo mai shekara 61 daga birnin Newcastle, Kempton Bunton, tsohon direban bas, ya miƙa kansa ga 'yan sanda.

Bunton ya daɗe yana adawa da kuɗin lasisin talabijin da dokar Birtaniya ta wajabta wa duk gidan da ke da akwatin talabijin, waɗanda ake gudanar da BBC da su. An taɓa ɗaure shi na ɗan lokaci saboda ƙin biya. A ganinsa bai dace gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi a kan zane ɗaya ba alhali tsofaffi 'yan fansho na fama da biyan lasisin. Ya ce niyyarsa ita ce a yi amfani da kuɗin wajen biya musu. Ya shaida wa 'yan sanda cewa ya shiga ginin ne da asuba ta tagar ban ɗaki, lokacin da ake kashe na'urar ƙararrawa saboda masu shara.

Shari'a da sauyin doka

An gurfanar da Bunton a kotun Old Bailey a watan Nuwamban 1965. Lauyansa, Jeremy Hutchinson, ya kafa hujja da dokar sata ta 1916, wadda ta ce ba a kiran abu sata sai in wanda ya ɗauka yana da niyyar raba mai shi da shi har abada. Ya ce tun da Bunton ya yi ta bayyana a wasiƙunsa cewa zai dawo da zanen, kuma ya dawo da shi, to aro ya yi ba da izini ba. Masu taimaka wa alƙali wajen yanke hukunci sun karɓi wannan hujja, suka wanke shi daga laifin satar zanen. Laifin da aka same shi da shi shi ne na satar firam ɗin, wanda ba a sake gani ba. Aka yanke masa ɗaurin wata uku.

Hukuncin ya fito da wani giɓi a dokar ƙasa, domin ya nuna mutum zai iya ɗauke kayan tarihi daga gidan da ake baje su, ya ɓoye shekara da shekaru, sannan ya kuɓuta muddin ya iya nuna cewa yana da niyyar mayarwa. Da majalisa ta zo yin sabuwar dokar sata a 1968, sai ta saka sashe na 11, wanda ya mayar da ɗauke duk wani abu da aka baje a ginin da jama'a ke shiga kallo ba tare da izini ba laifi mai zaman kansa, ko da akwai niyyar mayarwa. Hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara biyar.

Tun a lokacin shari'ar wasu sun yi shakkar cewa mutum mai shekarun Bunton da nauyin jikinsa zai iya shiga ta ƙaramar taga. A 1969 ɗansa ya shaida wa 'yan sanda cewa shi ne ya ɗauko zanen ya kai wa mahaifinsa. Ofishin gabatar da ƙara ya ga babu isassun hujjojin da za a kai shi kotu da su, aka rufe maganar. Jama'a ba su san da wannan ba sai a 2012, lokacin da hukumar adana takardun tarihi ta Birtaniya ta saki fayil ɗin. Kempton Bunton ya rasu a 1976.

A fina-finai

A fim ɗin James Bond na farko, Dr. No, wanda ya fito a 1962 lokacin ana tsaka da neman zanen, an nuna Bond, wanda Sean Connery ya fito a matsayinsa, yana wucewa ta cikin maɓoyar mugun fim ɗin, sai ya ɗan tsaya ya dubi wani hoto da aka jingine. Kwafin zanen Goya ne, wanda mai tsara dandalin fim ɗin, Ken Adam, ya zana. Barkwancin shi ne cewa Dr. No ne ya sace shi, kuma masu kallo na lokacin sun gane nan take.

A 2020 darakta Roger Michell ya yi fim mai suna The Duke a kan labarin satar da shari'ar, inda Jim Broadbent ya fito a matsayin Bunton, Helen Mirren kuma a matsayin matarsa. Zanen kansa yana nan a National Gallery tare da sauran ayyukan Goya da gidan ya mallaka, kuma shiga kallon manyan ɗakunan gidan kyauta ne.